Kwatar Mohenjo-daro: da me aka gina ta, yaya ake yashe ta?

Magini: Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata gini, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. An ce a tsohon garin Mohenjo-daro, wanda ke lardin Sindh na Pakistan a yau, tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) gidaje suna da wurin wanka da kwata a rufe. Da me suka yi aikin? In ta toshe kuma fa?

Malamar Tarihi: Wa'alaikumus salam, Malam. Da gasasshen tubali suka yi, kuma awonsa ba ya canzawa: faɗi ya ninka kauri sau 2, tsawo ya ninka shi sau 4. Haka yake a Harappa, haka a Lothal, wasu tsofaffin garuruwa na zamaninsa. Daɓen wurin wankan tubali ne a matse, an ɗan karkatar da shi gefe guda, ruwa ya bi ta jikin bango ya faɗa kwatar titi. Ita kuma an rufe ta da tubali ko falalen dutse da ake iya ɗagawa, sannan akwai ramuka a hanya inda datti ke kwantawa a kwashe. Abin da ya fi burge ni, ba manyan gidaje kaɗai aka yi wa wannan ba, har ƙanana.

Mai Haƙar Rijiya: Malama, ki ƙara da rijiyoyi. Ana ƙiyasta kusan 700 a garin, da yawa a cikin gida suke. Tubalin da aka ɗaure su da shi gefensa ɗaya ya fi faɗi, don ya zagaye ya kulle kansa, ƙasa ba za ta turo shi ciki ba. A bakin wasu har yau ana ganin inda igiyar guga ta ci tubalin. Wallahi duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san yawan hannayen da suka yi wannan zanen.

Malamar Tarihi: Gaskiya ne. Ga kuma babban tafkin wankan da aka tono a shekarun 1920, tsawonsa kusan mita 12, faɗinsa mita 7. Kwalta aka shafa a bayan tubalin don kada ya yi yoyo.

Magini: Allah ya saka da alheri. Kwaltar nan ita nake son ƙarin bayani a kai, Malama. A ƙasan tafkin ma an shimfiɗa ta, ko a bango kaɗai?