Me za mu kira "salt marsh" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum, malamai. Ana shirya wa ɗalibai jagorar aikin fili a kan "salt marsh" da ire-iren kifin gaɓar teku. Na sa "fadamar gishiri". Ta zauna?

Malamar Tsirrai: Wa alaikumus salam. Malam, "fadama" ta zauna daram, don shimfiɗaɗɗen fili ne mai taɓo da ciyawa, ruwa ya hau ya sauka. "Gishiri" ne ban gamsu da shi ba. Mai karatu zai zaci wurin haƙar gishiri ake nufi. Ainihin abin da ya yi wurin shi ne cikowar teku da janyewarta, sau biyu a rana a yawancin gaɓoɓi, da tazarar kusan awa 12 da minti 25. Ita ke raba wa ciyayi mazauni. A gaɓar gabashin Amurka, ciyawar Spartina alterniflora ke riƙe da gangare inda ruwa ke rufewa kullum, Spartina patens kuma tana can tudu, sai babbar cikowa ta lokacin tsayuwar wata da cikarsa ke kai mata. Ni "fadamar teku" na zaɓa.

Mai Fassara: To "fadamar zartsi" fa, Malama? Kalmar tamu ce tsantsa.

Malamin Kifi: Kyakkyawar kalma ce, amma kada mu kashe ta a suna, aikin awo na buƙatarta. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Zartsi shi ne na tsakani, inda ruwan kogi ya gauraya da na teku. A fadama ɗaya ɗalibi zai iya samun zartsi a bakin ƙorama, ya hau tudu ya tarar da kwari da rana ta ƙafar da ruwansa har ya fi teku gishiri. In sunan wurin "zartsi" ne, me zai rubuta a can?

Tun da jagora ce, a sa musu wannan: su ɗauraye gilashin na'urar auna gishiri da tataccen ruwa, su tabbatar ta nuna sifili kafin awo. Su kuma rubuta lokaci da matakin cikowa, in ba haka ba alƙaluman ƙungiya biyu ba za su kwatantu ba.

Kifi kuma da taru ake kamawa a ƙoramu, ruwa na janyewa. Mutum biyu su ja, igiyar ƙasa mai darma tana sharar taɓo. Da ta ɗaga, kifayen da ke kwance a ƙasa sun sulale, sai lissafi ya nuna babu su alhali suna nan. Idon taru in ya yi faɗi, ƙananan kifi su wuce, su ne kuwa suka fi yawa, domin fadamar gidan renonsu ce. A zuba a bokiti da ruwan wurin, a ajiye a inuwa, a tantance nau'i, a auna tsawo, a mayar da sauri. Ja uku aƙalla a kowane wuri. Kuma yawan kifi daban, yawan nau'i daban: a fadamun gabashin Amurka ɗan kifin nan Fundulus heteroclitus shi kaɗai kan cika taru.

Mai Fassara: Na karɓa. Saura ɗaya: "mangrove" ma a bakin teku yake, cikin taɓo. Ba za su cakuɗe ba?

Malamar Tsirrai: Ba za su cakuɗe ba, Malam. Wancan itatuwa ne, a ƙasashe masu zafi, sai mu ce "kurmin teku". Fadamar teku ciyawa ce da gajerun tsirrai, ta fi yawa inda ake sanyi, kamar gaɓar tekun Wadden da Holan, Jamus da Danmak suka yi tarayya a kai. Sashenta biyu kuma a kira su "gangaren fadama" da "tudun fadama".

Malamin Kifi: Na goyi baya, Malama. A farkon ambato dai a ƙara "wadda cikowar teku ke shiga", don kada a ɗauka kowace fadama da ke kusa da teku ce.