Fuskata ta koma kala biyu saboda rana: man haɗi zan shafa ko sanskirin?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Shekarata 33, ina sana'ar POS a bakin titi a nan Kano, tun hantsi har bayan la'asar. Ina da laima babba, amma da rana ta karkata sai ta shigo min ta gefe, ga kwalta tana huci. Yanzu in na cire hijabi fuskata kala biyu ce: wajen kunne da ƙarƙashin haɓa suna nan da kalata ta asali, tsakiyar fuskar kuwa ta yi duhu. Ga wani baƙi-baƙi a kumatuna biyu da goshi, tun ina da cikin yarinyata ta biyu ya fito, na haihu, na yaye, yana nan daram. Kwanan nan kuma sai ga 'yan tamoji a gefen ido, har wata kwastoma ta kira ni "Mama", alhali na tabbata ta girme ni.

Ƙanwar maigidana ta kawo min man haɗi a farar roba, ba suna ba komai a jiki, ta ce sati biyu ya ishe ni. Ban buɗe ba tukuna. Wata kuma ta ce sanskirin zan nema, wato man kare fata daga rana. To mu baƙar fata yana yi mana wani amfani, ko dai kayan Turawa ne? Wanne zan kama?

Anti Mai Lalle

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Robar nan ki mayar wa ƙanwar mijinki, ki yi mata godiya, ki ce fatarki ba ta son sabon mai. Ba sai an yi rigima ba.

Ni sana'ata gyaran jikin amare ce, dilka da halawa da lalle, fuskokin da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa. Tun daga bakin ƙofa nake gane mai shafa haɗi: fuska jawur, jijiyoyi kore-kore a fili, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kumatu kamar an ɗora musu dutsen guga. Kuma masu wuni a rana sun fi kowa shan wahalarsa. Sati biyun da aka ce miki gaskiya ne, za ki yi haske. Ki tambaye ta dai yadda fuskar take komawa bayan shekara biyu.

Lemun tsami da ake cewa a goga a tabo shi ma ki rabu da shi. In kika shafa kika fita rana, ƙona wurin yake, ya bar tabon da ya fi na da.

Yaya Famasis

Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, kuma tambayarki kusan kullum sai an yi min ita a kan kanta, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja bayani.

Baƙin da ke kumatunki da goshi, yadda kika siffanta shi, ya yi kama da abin da likitocin fata ke kira melasma. Ciki kan tayar da shi, ƙwayoyin tazarar haihuwa ma haka, rana da zafi kuma su ne ke ciyar da shi. Ba na yanke hukunci a kan fuskar da ban gani ba, amma in shi ne, duk man da za ki shafa a duniya ba zai riƙe ba muddin rana na dukan wurin kullum. In kina shan ƙwayoyin tazara kada ki daina da kanki, ki faɗa wa wadda ta ba ki a asibiti.

Batun wai baƙar fata ba ruwanta da rana, rabin gaskiya ne. Sinadarin da ya ba mu launinmu yana ba da kariya, an kiyasta ta da kusan SPF 13 (SPF shi ne ma'aunin ƙarfin kariya daga ƙunar rana), shi ya sa ba ma saɓulewa kamar Bature a bakin teku, kuma tamoji kan makara kafin ya zo mana. Amma hasken rana mai illa iri biyu ne. UVB shi ne mai ƙona saman fata. UVA kuwa shiga yake can ciki, yana cinye kolajin, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya a miƙe, yana kuma zuga fatar ta ƙara fitar da baƙi. Shi wannan yana ratsa gajimare, yana ratsa gilashin taga, hazon hunturu ma ba ya tare shi duka. Mu tsufan da rana ke jawo mana da dabbare-dabbare da duhun fuska yake fara sallama, tamojin daga baya yake biyowa.

A Ostireliya an taɓa bin mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 har tsawon shekara huɗu da rabi, aka buga sakamakon a 2013. Waɗanda aka sa su shafa sanskirin kullum, tsufan fatarsu ya gaza na masu shafawa in sun ga dama da kashi 24 cikin ɗari. Akasarinsu farar fata ne, gaskiya, amma ranar da ta yi musu aiki ita ce dai a kanki.

In za ki sayi sanskirin, ki duba SPF 30 ko sama, kuma a rubuta cewa yana tare UVA. SPF 30 na tare kusan kashi 97 na UVB, SPF 50 kusan 98, don haka kada a tsorata ki da babbar lamba a tsuga miki kuɗi. Inda mutane ke faɗuwa shi ne wajen yawan abin da suke shafawa. Ki matso shi a tsawon yatsu biyu, manuni da na tsakiya, wannan ne na fuska da wuya. Ɗan ɗigon da ake dangwalawa don kwalba ta kai wata shida, asarar kuɗi ce kawai. Mai wuni a waje irinki ana so ta sake shafawa duk bayan awa biyu, ko in gumi ya wanke shi. Masu zinc oxide ko titanium dioxide sun fi sauƙi ga fata mai saurin ƙaiƙayi, sai dai sukan bar fari-fari a fuskarmu. In kin samu mai launin hoda, wanda aka sa wa iron oxide, shi ya fi dacewa da ke, don yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa melasma duhu a fata irin tamu.

Man haɗin kuwa, abin da aka fi samu a cikin irinsa uku ne: hydroquinone, da sitiroid irin su clobetasol, wani lokaci har da makyuri mai lalata ƙoda. Sitiroid yana sa fata ta yi siriri, ya kawo ƙuraje da nankarwa. Hydroquinone magani ne na gaske, likita kan rubuta shi na 'yan watanni ya tsayar, amma in aka ɗauki shekaru ana lafta shi ana shiga rana, shi ke haifar da baƙin nan mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu da Anti ta kwatanta, wanda fitarsa sai an sha wuya, in ma ya fita. Ba a banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba. Kin kyauta da ba ki buɗe ba.

In da hali ki je ɓangaren fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti. Akwai azelaic acid da niacinamide masu rage tabo a hankali, akwai tretinoin da ake shafawa da dare, yana taimaka wa tabo da ƙananan tamoji, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi. Duk cikinsu babu na sati biyu. Ki sa ran wata biyu zuwa uku kafin madubi ya fara gaya miki wani abu.

Direban Zariya

Hajiya ki yi haƙuri na shigo maganar mata. Ni ban taɓa shafa komai ba sai basilin da man kaɗanya, amma abin da Yaya ya faɗa na gilashi gaskiya ne. Hannuna na hagu da ke wajen taga da na dama kamar ba na mutum ɗaya ba. Akwai hoton wani direban babbar mota a Amurka da wata mujallar likitoci ta buga a 2012, shekararsa 69, ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen hagu na fuskarsa duk ya yamutse ya zubo, na dama kuwa da sauransa. Sitiyarinsu a hagu yake irin namu.

Shawarata ta talaka: ki sa a ɗaura miki zani mai kauri ko buhu a gefen laimar ta yamma, ki riƙa juya kujera kina ba rana baya. Kakanninmu da suke noma da malafa ba ado suke yi ba.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Buhun nan gobe za a ɗaura shi in sha Allah. Yaya Famasis, saura abu biyu. Ya zan yi da alwala in na shafa sanskirin, tunda azahar da la'asar duk a wurin sana'a suke riskata? Sannan man kaɗanya ba zai iya tsaya min a madadinsa ba? Na leƙa wani kanti na ga kuɗin ƙaramar kwalba, sai da na sake duba lambar ko idona ne.

Yaya Famasis

Man kaɗanya yana da kyau wajen hana bushewa, musamman da hunturu, ki ci gaba da abinki. Amma kariyarsa daga rana 'yar kaɗan ce, ko kusa da SPF 30 ba ta zuwa, ba zai maye gurbin ba.

Alwala kuwa, abin da muka taso muna ji wajen malamai shi ne, abin da ya yi dafifi a kan fata har ya hana ruwa isa gare ta sai an gusar da shi, wanda fata ta shanye kamar mai ba ya hanawa. Ki ƙara tambayar malaminku. Don ki huta da kokwanto, ki guji wanda aka rubuta ba ya jin ruwa, ki wanke fuska sosai kafin alwala, in kin idar da sallah fuskar ta bushe ki sake shafawa. Kin ga sallar azahar ta zama agogonki ke nan, kuma daidai lokacin ne rana ta fi cizo.

Don kuɗin ya yi auki, fuska da bayan hannu kawai za ki shafa, tunda hijabi ya rufe sauran. Ki saya a kemis mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, saboda jabu ya yi yawa. Kuma kada ki bar kwalbar a kan teburin POS rana na dukanta, zafi yana kashe ƙarfinta. Ki jefa ta cikin jaka, ƙarƙashin tebur.