Don Allah ya ake sa aiki ya kira kansa a ASM?

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Salam jama'a. Furojet ɗina na aji huɗu kan ASM ne, wato Abstract State Machine, injin nan na lissafi a takarda na Yuri Gurevich da ake fayyace manhaja da shi kafin a zauna rubuta kod. Abin da na gane, a kowane taki injin yana tara canje-canje ne ya zartar da su lokaci guda, to ni kau faktoriyal nake son yi, wato kamar 5×4×3×2×1, sai 5 ta jira 4, 4 ta jira 3 har a kai 1, wannan jiran a ina zai zauna? Malamina ya ce in je in yi tunani, yau kwana uku ke nan.

Mai_Kwamfuta_Daura:
Gina sitak da kanka kawai, kamar jerin kwanuka, na sama shi ake fara ɗauka. Duk kira ka ɗora, ya gama ka sauke.

Malam_KT:
Zai yi aiki, amma ƙanena ka koma rubuta kod ke nan, mi ya rage na fayyacewa? A 1997 Gurevich da Spielmann sun kawo wata hanya, duk kira sai a tada sabon wakili ya yi aikin, mai kiran ya tsaya. Kamar ka aiki ƙanenka sayen ƙosai, shi ma ya aiki na ƙasa da shi, kowa na zaune a zaure har auta ya dawo, ƙosan ya biyo hannu-hannu. Sai kuma Turbo ASM ta Egon Börger da Schmid, 2000, ita wannan duk aiken nan tana dunƙule shi ya zama taki ɗaya, daga waje ƙosai kawai za ka gani. Ni ita na fi so wallahi, ta fi tsabta a takarda, sai dai in kiran bai da wurin tsayawa takin ba zai taɓa kammaluwa ba, ba sakamako sam.

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Na gode Malam. Na gwada Turbo ASM ɗin da Fibonacci, jerin lambobin nan da kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, kira biyu a tare, sai injin ya tsaya cak.

Malam_KT:
Haba, ai wuri ɗaya suke zuba amsa, wannan ya ce 2 wancan ya ce 3, injin bai san wa zai bi ba. Ka ba kowane kira ma'ajiyarsa, sannan ka haɗa su. In aka kawo wuta bayan isha'i turo min in duba.