Za a ɗebi jinin ɗiyata don gwajin dalma, Inna ta ce ba ta yarda ba

Ɗan Anka:

Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Bagega, amma rashin tsaro ya koro mu cikin garin Anka, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyata da ƙanena. Ɗiyata ba ta cika shekara biyu ba, kuma ba a daɗe da yaye ta ba. Tun farkon damina take ramewa. Da aka auna damtsenta a asibiti ma'aunin ya faɗa kan ja, aka sa mu a layin tamowa, ana ba mu wannan gyaɗar ta leda duk mako. Alhamdu lillahi ta fara cikowa.

To, makon jiya wasu ma'aikata suka same mu a layin, suka ce bincike suke yi kan yara masu tamowa da ke zaune inda ake aikin zinare, suna son ɗibar jininta a gwada dalma. Sun ba ni takarda da Turanci in sa hannu, sun kuma ce ba dole.

Inna ta ce atafau. Na farko, yarinyar da jinin jikinta bai ishe ta ba, don me za a rage mata? Na biyu, ba ta manta abin da ya faru da yaran Kano lokacin sanƙarau ba. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Ina firamare lokacin da dalma ta shiga ƙauyukanmu, na ga yadda aka yi ta kai yara makabarta. Ga shi ƙanena a wurin niƙan dutse yake aiki, yana dawowa kayansa buɗu-buɗu da ƙura, ita kuma da ta hango shi sai ta ruga ta haye cinyarsa.

Ɗibar jinin zai iya cutar da ita? Mene ne haɗin tamowa da dalma? In an gwada, mu me za mu samu?

Malamar jinya, Gusau:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ta lafiya, ya raya maka ita.

Jinin da ake ɗiba don wannan gwajin bai cika cokalin shayi ba, wani lokaci ma ɗigo ne daga yatsa. Ba zai rage ta da komai ba. Ka gaya wa Inna haka a hankali, domin tsoronta na uwa ne.

Abin da ya tayar mini da hankali a rubutunka shi ne ƙaninka da kayan aikinsa. Dutsen zinaren yankinku haɗe yake da dalma mai yawa, in aka niƙa shi a bushe ƙurar tana bin riga da takalmi da gashin kai har cikin ɗaki. Yaro ƙarami kuwa komai hannu, komai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da cikin yaro ke tsotsa na dalmar da ya haɗiya ya ninka na babba sau 4 zuwa 5. Nan ne tamowa ta shigo. Hanji yana ɗaukar dalma ta hanyar da yake ɗaukar sinadarin ƙarfe da na gina ƙashi, saboda haka yaron da jikinsa ke ƙishirwar waɗannan biyun ya fi ƙoshasshe jawo gubar, haka ma wanda ke yini cikinsa wayam. Ita dalmar kuma tana hana jiki haɗa jini, tana kashe sha'awar abinci. Kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Yara biyu za su yi wasa a tsakar gida ɗaya, ramammen ya fi kwasa.

Kuma ba a gane ta da ido. Kafin a kai ga jijjiga da shiɗewa, yaro zai daɗe yana ɗauke da ita ba alamar komai sai yawan kuka, ko cushewar ciki, ko jinkirin magana, alhali tana taɓa ƙwaƙwalwa, taɓin da ba ya komawa. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa. Lamba za a ba ka. Babu adadin da aka ce ba ya cutarwa, amma daga 5 ake fara neman inda gubar ke fitowa, daga 45 kuma a fara maganar maganin da ke janye ta ta fitsari.

A 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sintirin sanƙarau ne suka fara lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Yargalma da Dareta. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba, sai da aka gwada jini gaskiya ta fito. Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, sun tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Cikin waɗanda aka gwada, 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun wuce, da yawa ma sun zarce 65, inda ma'aunin na'urar gwajin ta hannu ke tsayawa. Jimillar waɗanda suka rasu a jihar Zamfara ta kai 400 ko fiye. Da an ƙi ba da jini a lokacin, da har yau ana cewa iska ce.

Ni dai ɗiyata ce, zan bari a gwada.

Dattijon Bukkuyum:

Ɗana, jikana ne ke rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Malama ta yi gaskiya, amma kada ka raina maganar mahaifiyarka. Abin Kano ya faru. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba, kamfani ya ce an yi. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Kaduna da nan Zamfara, yaranmu kuma su suka biya.

Shekarar dalma kuwa, agwagi muka fara rasawa. Kowa na cewa annobar kaji ce, ba wanda ya zargi dutsen da mata ke daka a turmin da ake daka gero. Waɗanda suka zo a lokacin ba jini kawai suka ɗiba suka tafi ba. Sun zauna, sun kankare ƙasar tsakar gida an zubo sabuwa, sarakuna suka ce a fitar da niƙan dutse bayan gari, sannan aka ba yara magani. Ku mutanen Bagega kun fi kowa sanin zafin jira, tunda sai 2013 aka share muku gari bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, likitoci kuma suka ce ba amfanin magani in yaro zai koma kan ƙasa mai guba.

Amma bayan su na ga wasu iri. Sun zo da mota mai kyau, sun ɗebi jinin jikokina biyu da ƙasar ƙofar gidana a leda, suka ce za mu ji. Har yau ban ji ba. Wannan ne ke min ciwo. Saboda haka kafin ka miƙa hannun yarinya, ka tambaye su a gaban mai unguwa ko babban ma'aikacin asibitin: yaushe za a ba ni sakamako, wa zai ba ni, in an samu gubar wa zai yi magani? In sun yi ta kame-kame, ka ɗauki ɗiyarka.

Ɗalibar lafiyar al'umma, Birnin Kebbi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayoyin nan da ka lissafa haƙƙi ne da ƙa'ida ta ba shi. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma ba a fara bincike kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince. Yaya Ɗan Anka, ka nemi a nuna maka takardar amincewar kwamitin. Ka ce a karanta maka takardar sa hannun da Hausa, a gaban shaidan da ka zaɓa, a bar maka kwafi mai lambar waya. Ka tambaya ko za a adana ragowar jinin ko a fitar da shi waje, domin kana iya yarda da gwajin ka ƙi wannan. In ka ƙi gaba ɗaya, ba wanda ya isa ya cire ta daga layin tamowa.

Akwai bambancin da zai taimaka wajen yi wa Inna bayani. A Kano magani aka ba yara don a ga aikinsa. A nan, yadda ka faɗa, ba abin da za a sa mata a jiki, dubawa za a yi. In ka ga maganar ba da wani magani ko ƙarin abinci a cikin takardar, to wannan wani zance ne, sai a sake zama.

Ina so kuma mu tuna bincike ne ya kawo gyaɗar da ke ciko da ita. A Faransa aka haɗa ta a 1996, aka gwada a Malawi, aka yi amfani da ita sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005, har aka tabbatar uwa za ta iya jinyar mai tamowa a gida in ba shi da wata cuta a kai. Iyayen wasu yaran ne suka yarda a lokacin.

Kuma dalma ba ta masu zinare kaɗai ba ce. Rahoton UNICEF na 2020 ya ce kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya na da ita a jini daga 5 zuwa sama. A Bangaladash cikin kurkum aka gano ta, ana zuba masa launi mai dalma don ya yi kyau a kasuwa. Mu nan mu dubi kwalli: na dutse, mai ƙyalli, yawanci dutsen dalma ne. An taɓa gwada wanda ake sa wa wani jariri ɗan asalin Najeriya a Amurka, aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ana sa wa ɗiyarka?

Ɗan Anka:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa Inna maganarka tun daga farko, ita ce ta fi shigarta, domin ta ga ba a ce tsoronta shirme ba ne. Ta ce ta yarda, da sharaɗin da ita za a je, ta ji amsar tambayoyin da kunnenta. Na koma wurin ma'aikatan, sun ce akwai takardar da Hausa, za su kawo ranar karɓar gyaɗa.

Kwalli kam ana sa mata tun ranar suna, na dutse ne, mun ajiye shi. Ƙanena ne matsalar, aikin nan shi ke ciyar da rabin gidan, ba zan ce ya bari ba. Malama, me za mu yi kafin sakamako ya fito? Kuma maiɗakina na da juna biyu, ita ma abin ya shafe ta?

Malamar jinya, Gusau:

Ya shafe ta sosai. Dalma na ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, wadda ta daɗe a ƙashin uwa ma tana fitowa lokacin ciki. Ta faɗa a wurin awo cewa akwai mai aikin dutse a gidan, ta nemi a gwada ta, kada kuma ta yi wasa da ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta. In tana cin farar ƙasa ta daina.

Ƙaninka ya ware kayan aiki da takalminsu, ya bar su can. Ya yi wanka da sabulu ya sauya kaya kafin ya shigo, kafin ya taɓa yarinyar. Kada maiɗakinka ta wanke masa kayan aikin, kada a haɗa su da na yara, kada dutse ko buhunsa ya shigo gida ko da na kwana ɗaya ne. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. A wanke mata hannu da sabulu kafin ta ci komai, ta ci a kan tabarma mai tsabta, gyaɗarta kuma a ba ta ita kaɗai yadda aka ƙayyade. In ta fara karɓar abincin gida, a haɗa mata da wake, zogale, ƙwai, hanta ko ƙananan kifi gwargwadon hali. Hatsinku kuma kada a kai injin da ya taɓa niƙa dutse.

Ranar gwajin, in daga yatsa za a ɗiba, ka tabbata an wanke hannun da sabulu tukuna, domin ƙurar kan fata na iya ɗaga lambar. In ta fito sama, ka nemi a maimaita da jinin jijiya. Idan kuma kafin ranar ka ga amai ba ƙaƙƙautawa, ko barcin da ya wuce kima, ko jijjiga, kada ka jira kowa, ku wuce asibiti ka ce musu a duba dalma.