Abin da aka tattauna kan motsin rai, harshe da karatun ƙagaggun labarai

Tattaunawar da aka yi kan yadda harshe da karatu ke shafar motsin rai ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kiran damuwa da sunanta na rage mata kaifi. An kawo binciken masanin halayyar ɗan'adam Matthew Lieberman na 2007 a Amurka: da mutane suka dubi fuskar mai fushi suka ambaci abin da suka gani, sai sashen ƙwaƙwalwa mai saurin firgita ya ɗan lafa. Shawara: maimakon "raina ba daɗi", ka tantance, kunya ce, kishi ne, ko takaici?

2. Rubuta abin da ke cin ranka, minti 15 a kullum har kwana 4, kamar gwajin masanin halayyar ɗan'adam James Pennebaker na 1986. Waɗanda suka gwada sun ce da farko ciwon kan ƙara tashi.

3. A nan kawuna suka rabu kan ko karatun ƙagaggun labarai na ƙara wa mutum tausayi da fahimtar halin da wasu ke ciki. Wasu sun kafa hujja da binciken masana Kidd da Castano na 2013, inda waɗanda suka karanta ɗan guntun adabi suka fi gane halin da mutum ke ciki daga hoton idanunsa kawai. Wasu suka ce an maimaita gwajin a 2016 ba a samu haka ba. Akwai ma masu ganin cewa da ma mai tausayi ne ke son karatu. Ni dai na fi karkata ga masu cewa amfanin na zuwa ne bayan shekaru ana karatu, ba zama ɗaya ba.

4. Masu harshe biyu sun ce faɗa ko zagi a harshen uwa ya fi sukar zuciya. Ba wanda ya musa.