Tsofaffin katunan besbol na kwalin konfleks: a daidaita gefensu ko a bar su yadda suke?

Ɗan Wunti:

Assalamu alaikum. Masana, ina neman haske. A cikin wani kwalin littattafan gwanjo da aka sauke nan Bauchi an sami katunan 'yan wasan besbol na Amurka guda 43, kuma iri biyu ne. Guda 31 kwali ne zalla, bayansu babu rubutu ko ɗaya, hoto da bayanin ɗan wasa da ƙididdigarsa duk a gaba suke, gefensu a karkace kamar yaro ne ya yanka da almakashi. Wasu na ɗauke da tambarin Post. Sauran 12 ɗin fuskarsu roba ce mai siraran layuka, in ka ja farce a kai sai ta yi ƙara, hoton kamar zai fito waje, da sunan Kellogg's a jiki. Waɗannan duk sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana, biyu ma sun tsage.

Ta yaya zan gane shekararsu? Ya halatta in sa reza da rula in daidaita gefen na kwalin? Masu lanƙwasar kuma, in danne su da dutsen guga ne ko in kai a yi musu laminatin?

Malamin Yelwa:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai ka ajiye rezar nan. Kada ta kusanci ko ɗaya daga cikinsu.

Na kwalin da ka kwatanta katunan kamfanin Post ne, waɗanda aka buga a bayan kwalayen abincin karin kumallo a 1961 da 1962 da 1963, kowace shekara kati 200. Ba a cikin kwalin ake saka su ba, jikin kwalin ne da kansa. Babban kwali kan ɗauki shida ko bakwai a bayansa, yara su cinye abin da ke ciki sannan su yanke katunan. Shi ya sa bayansu babu rubutu, ai cikin kwali ne, kuma shi ya sa da wuya ka ga mai miƙaƙƙen gefe. Karkacewar nan da ta dame ka ita ce kamanninsu na asali.

Gane shekara ba wuya. Dubi jadawalin ƙididdigar da ke ƙasan katin, za ka ga an rubuta shekarar kakar wasan da ta wuce. In ka ga 1960, katin na 1961 ne. In 1961 ne, na 1962 ke nan, haka har na ukun. Lambar katin ɗan wasa ma tana canzawa daga shekara zuwa shekara: Mickey Mantle, wanda katinsa ne aka fi nema a jerin, lamba 4 ne a 1961, lamba 5 a 1962, lamba 15 a 1963. Cikakken girman katin inci biyu da rabi ne a inci uku da rabi, wajen santimita 6.4 a 8.9. Ka auna kowanne ka rubuta.

Akwai 'yan'uwansu da ake yawan rikitawa da su, sai ka lura. A 1961 kamfanin ya riƙa aika wa mutane katunan ta gidan waya, goma-goma a falle ɗaya, kowace ƙungiya da nata. Su takardarsu ta fi ta kwalin sirantaka, gefensu kuma yana da ƙananan haƙora irin na kan sarki, domin yagewa ake yi ba yankewa ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka haƙoran nan lahani ne ya aske su, alhali su ne shaidar katin. Akwai na Kanada na 1962, da rubutu cikin Turanci da Faransanci. Akwai na Jell-O, wani garin kayan zaƙi, na 1962 da 1963, hotunan kusan iri ɗaya, amma kati ɗaya ne a kowane ƙaramin kwali, kuma sun ɗan fi na Post ƙanƙanta. Sannan katin Mantle da na ɗan wasa Roger Maris na 1962 suna da wani bugu da aka saka a mujallar Life don talla, su bayansu akwai rubutu.

To, maganar reza. Kowane kati akwai siririn baƙin layi da ya zagaye shi, wanda aka buga don ya nuna wa mai almakashi inda zai bi. Masu saye layin nan suke fara dubawa. Katin da layinsa ya fito a duk ɓangarori huɗu, ko da gefen ya yi tudu da kwari a wajen layin, ya fi wanda aka yi wa tsaf amma aka cinye layin. Kamfanonin da ke tantance kati a Amurka sukan ƙi ba irin wannan katin lambar inganci gaba ɗaya, iyaka su rubuta cewa na gaske ne. Kuma sabon yanka ba ya ɓuya. Gefen da ya shekara sittin ya dafe, ya yi laushi, ya ɗauki launin ƙasa-ƙasa. Wanda aka yanka jiya fari ne tas, da kaifi. In ma Allah ya sa akwai biyu ko uku da ke manne da juna ba a raba ba, ka bar su haka, sun fi daraja a haɗe.

Wani abu da mutane ba sa zato: ba sunan ɗan wasa kaɗai ke sa kati tsada ba. Wasu lambobin an buga su ne a kwalin abincin da ba ya shiga kasuwa sosai, don haka kaɗan ne suka kai hannun yara. Sai ka ga ɗan wasan da ba wanda ya san shi ya fi fitacce wuyar samu. Kada ka ware wani ka ce tarkace ne sai ka bincika lambarsa.

Hajiyar Tumfure:

Sannu Malam, ka gama da na Post. Bari in ɗauki masu robar, don su ne ke cikin haɗari yanzu.

Ƙanena, waɗannan Kellogg's ya riƙa fitar da su daga 1970 zuwa 1983, yawanci a cikin kwali. Shekarar na nan a baya, cikin ƙananan haruffa can ƙasa. Jerin 1970 da na 1971 kati 75-75 ne, a 1972 aka rage zuwa 54. Na 1973 kaɗai ne ba su da robar, kati ne shimfiɗaɗɗe kamar kowane. In ka sami na 1971 ka ware shi daban, domin a shekarar ba a sayar da cikakken jeri ta gidan waya ba, sai dai mutum ya yi ta sayen kwali yana tarawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa suka fi sauran ƙaranci.

Dalilin lanƙwasar shi ne abu biyu aka manna wuri ɗaya, roba a gaba, takarda a baya, kuma ba halinsu ɗaya ba. Takarda tana shan danshi ta buɗe, ta bushe ta tsuke. Roba kuwa da tsufa sai ta ƙanƙance ta yi tauri. Ɗaya na ja, ɗaya na turjewa, sai katin ya gantsare. In ka danne shi da ƙarfi ba miƙewa zai yi ba, za ka ji ƙas, tsaga ta bi fuskar daga sama har ƙasa. Tsagar nan ba ta da magani, babu gam ɗin da ke mayar da ita. Lanƙwasa kuwa masu tarawa sun saba da ita, ba ta zubar da darajar kati kamar tsaga.

Don haka dutsen guga babu shi. Tarin littattafai a kai babu shi. Laminatin kuwa, don Allah ka cire shi daga ranka, har ga na kwalin. Na san mun saba kai takardar makaranta da ta fili shago a rufe mana don gudun ruwa, amma injin zafi yake amfani da shi, ledar kuma mannewa take yi har abada. Katin da aka yi wa haka ya tashi daga kayan tarihi. Mai roba ma a cikin injin zai narke.

Abin da za ka yi: kowane kati ka zura shi a 'yar leda mai laushi marar gam, irin wadda ake yi don kati, sannan ka jera su a tsaye cikin ƙaramin akwati, ba a cushe ba. Na kwalin za su iya shiga gidan roba mai tauri. Masu lanƙwasa sosai kada ka tilasta musu shiga, a wajen turawar ne da yawa ke tsagewa. Ka guji leda mai kauri mai warin sabuwar tabarmar roba, irin ta tsofaffin albam ɗin hoto, domin da zafi takan yi gumi mai maiƙo ta kama tawada. Ban da robali, ban da salatif, ban da ƙusar takarda.

Yanayinmu shi ne babbar jarrabawar. Takarda ta fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa daga Gombe har Bauchi, a tsakiyar hunturu yakan sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ya haura 70. Wannan hawa da saukar ce ke kashe masu robar, fiye da zafin kansa. Sami mazubin roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Kada ka ɗora a saman wardirob kusa da rufin kwano, kada kuma ka ajiye a ƙasa inda gara da kyankyaso za su same shi. Kwalin abinci ne fa, gara ba ta raina shi.

Ɗan Wunti:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Na duba, yawancin na kwalin 1961 ke jadawalinsu, ke nan na 1962 ne. Akwai mai lamba 5, Mantle, layinsa ya fito a ɓangare uku, na huɗun an ɗan shiga ciki. Yaya zan tabbatar ba jabu ba ne? Kuma ya cancanci a aika shi waje a tantance?

Na Fadamar Mada:

Madalla. Shi ne kuwa wanda aka fi kwaikwaya, don haka tambayar ta zo daidai.

Ka je wurin mai gyaran waya ko agogo ka ari gilashinsa mai ƙara girma, wanda ke ninkawa sau goma ya isa. Ɗora shi a kan fuskar ɗan wasan. Bugun gaske na wancan zamani za ka ga ɗige-ɗige masu launi a jere cikin tsari, suna haɗuwa kamar ƙananan furanni. Sai ka koma kan baƙin rubutun. A na gaske harafin cike yake da baƙar tawada, gefensa a yanke. A jabun da aka ɗauki hoton kati aka sake bugawa, shi kansa harafin ɗige-ɗige ne, gefensa da gashi-gashi, ko ka ga tawada a warwatse kamar an fesa. Wannan gwajin shi ne mafi ƙarfi.

Na biyu, tunda kana da wasu 30 daga tushe ɗaya, su ne ma'auninka. Ba mai ɓata lokacinsa ya yi jabun ɗan wasan da ba a nema. Ɗauki ɗaya na shekarar ka kifa su tare. Kaurin kwalin, launin bayan, yadda gefen ya tsufa, har warin tsohuwar takarda, duk su zo ɗaya. In na Mantle ya fi su haske ko santsi, akwai magana. Wasu kan jiƙa jabu da ruwan shayi don ya yi kamar ya tsufa, sai dai launin yakan kwanta bai ɗaya ko ya bar shacin ruwa, tsufan gaske kuwa daga gefe yake cin kati. Tocilar da 'yan canji ke duba kuɗi da ita ma tana taimakawa: sabuwar farar takarda takan yi walƙiya shuɗiya a ƙarƙashinta. Amma kada ka yanke hukunci da ita kaɗai.

Batun aikawa, a ganina ka dakata. PSA da SGC da Beckett su ne sanannun kamfanonin tantancewa, suna ba da lamba daga 1 zuwa 10, kuma irin wannan katin sukan rubuta a jikin gidan robar da suke rufe shi a ciki cewa yankan hannu ne. Da yake an shiga layi a ɓangare ɗaya, mai yiwuwa ne ya dawo babu lamba. Ka haɗa kuɗin tantancewa da na aikawa da na dawowa da inshora, duk da dala, ka gani ko katin zai biya kansa. Don sanin farashi, shiga shafin saye da sayarwa na eBay ka duba waɗanda aka riga aka sayar masu irin yankan naka, ba waɗanda aka sa wa kuɗi ana jira ba. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a kan kayansa. Na 'yan wasan da ba fitattu ba, masu matsakaicin yanka, daloli kaɗan ne, ba su kai a aika ba ko kusa.

Ka kuma sa ƙullin nan mai shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, guda biyu ko uku, a cikin mazubin.

Hajiyar Tumfure:

Yallaɓai, a kan ƙullin nan ina da gyara. Da damina ne yake da amfani, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, don hana fumfuna. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a cire shi. Iskar ta riga ta bushe, in ka ƙara mata mai shanye danshi sai takardar bayan ta ƙara tsukewa, masu robar su ƙara gantsarewa, a nan ne wanda bai tsage ba zai tsage. Ya fi kyau ma a raba mazubi biyu, na Post daban, na Kellogg's daban. Ƙullin kuma kada ya taɓa kati, a manna shi a jikin murfin daga ciki. Wanda ya daɗe a kwalin takalmi ya riga ya ƙoshi, sai an samo sabo.

Ƙanena, kafin ka rufe su ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya, a inuwa, da rula a gefensa. Duk mai son gani ka tura masa hoton, ba sai an yi ta zaro su ana mayarwa ba. In ya zama dole ka taɓa, wanke hannu ka bari ya bushe sarai, musamman yanzu da kowa ke shafa mai saboda sanyi, sannan ka riƙe katin ta gefe da yatsu biyu.