Wai Matasan Asiya Sun Fi Na Turai Ganin Girman Tsofaffi?

Malam Sani: Ni dai ina nan a kan bakana: matasan Japan da Sin da Koriya sun fi na Turai da Amurka ganin girman tsoho. Japan hutu guda ta ware wa tsofaffi, Litinin ta uku a watan Satumba. A Koriya ta Kudu kuwa, kuna haɗuwa da mutum zai nemi sanin shekarunka, don ya san lafazin da zai yi maka magana da shi. Ina Bature ina wannan?

Aisha: Allah ya gafarta Malam, ladabin baki daban, abin da ke zuci daban. A Koriyar nan kusan kashi 40 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama talauci ke cin su. Sai ka ga tsohuwa a titin Seoul, bayanta ya ranƙwafa, tana tura amalanken kwalayen da ta tsinto don ta sayar. Lafazi mai daɗi bai ɗauke mata amalanken ba.

Kabiru: Ƙara da Sin, Yaya Aisha. A 2013 sai da aka kafa dokar da ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi. Singafo tun 1995 ta ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yansu a kan ciyarwa. In sai hukuma ta ce ka je ka gaida mahaifiyarka, ai akwai magana.

Malam Sani: Kai Kabiru, wannan hujjata ce ka ɗauko! Sun ɗauki yasar da iyaye abin kunya, shi ya sa suka yi doka. Ka manta 'yar majalisar New Zealand mai shekara 25 da ta ce wa wanda ya katse ta "OK boomer", wato "to mun ji, tsoho", a 2019, a cikin zauren majalisa?

Aisha: Su ma suna da nasu habaicin, Malam. Matasan Koriya na kiran dattijo mai iyayi da son ba da umarni "kkondae", na Japan kuma suna cewa "rougai", wato ɓarnar tsofaffi. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Michael North da Susan Fiske suka fitar a 2015 ma ya gano mutanen gabashin Asiya sun fi Turawa kallon tsofaffi da mummunan ido. Sun danganta abin da saurin ƙaruwar tsofaffin: mutum ɗaya na aiki, wuyansa ɗauke da iyaye da kakanni, dole ya ƙosa.

Malam Sani: Takardar tambayoyi aka ba su suka cike. Mai jinya ne ke ƙorafi, wanda ya kai nasa gidan kula da tsofaffi me zai ce? Ni a ƙirga min waɗanda ke kwana a gefen gadon asibiti tukuna.

Kabiru: To wa zai ƙirgo mana su, Malam?